FASHIN BAƘI: Guza da damo a fadamun Dole Kaina, da dokar da ta tsaya a bakin iyaka

Idan ana lissafin arzikin Dole Kaina, garin da ke bakin Kogin Kwara daidai inda ruwan ke baro iyakar Nijar da Benin ya kutso cikin Jihar Kebbi, shinkafa ake fara ambata, sai kifi, sai hajar da kwalekwale ke tsallakawa da ita dare da rana. Ba a sa guza da damo cikin lissafin. Amma kuwa daga nan har Lolo da Illo a ƙasar Bagudo, da wuya a sami masunci ko manomin fadama da bai taɓa cin karo da ɗayansu ba, kuma fatarsu da 'ya'yansu sun daɗe suna cikin kasuwar duniya, suna kaiwa har Faransa da Amurka.

Dokar Najeriya ta sa su duka biyu a jerin namun dajin da aka haramta farautarsu da cinikinsu. A tsallaken kogi kuwa, Jamhuriyar Benin na cikin ƙasashen da suka fi fitar da damo da ransa zuwa ƙetare, da takardar izini. Kafin a gane abin da wannan saɓani ke haifarwa, sai an san yadda dabbobin ke rayuwa, domin tsarin jikinsu ne ya sa ake yi masu kallon abin da ba ya ƙarewa.

Na ruwa da na tudu

Guza da damo 'yan gida ɗaya ne. Masana sun sanya wa dangin nasu suna Varanus, kalmar da ta samo asali daga waral, sunan dabbar da Larabci. Guza shi ne Varanus niloticus, wanda aka jingina wa Kogin Nilu duk da cewa ya bazu a kusan dukkan Afirka kudu da Sahara, har zuwa kogunan Afirka ta Kudu. Babu ƙadangaren da ya kai shi tsawo a nahiyar nan, don ƙasaitacce yakan wuce mita 2, fiye da rabin tsawon kuma wutsiya ce. Wutsiyar a matse take daga gefe da gefe, tana da kaifi a sama, da ita yake tuƙa kansa cikin ruwa bayan ya manne ƙafafunsa a jiki. Ƙofofin hancinsa na can saman baki, abin da ke ba shi damar lafewa cikin ruwa yana numfashi. Idan aka kore shi daga kan reshe, ruwa yake faɗawa ya nutse, ya daɗe bai ɗago ba.

Damo, wato Varanus exanthematicus, gajere ne kakkaura, mai faffaɗan kai da manyan ɓawo a ƙeya. Da wuya ya wuce mita ɗaya. Tudu da jigawa ne gidansa: rami, kogon itace, tsohon suri. Yankinsa ya miƙe daga Senegal zuwa Sudan da Habasha. A kudancin Afirka wani ɗan'uwansa ne ya gaje shi, Varanus albigularis mai farin maƙogwaro, wanda ya fi shi girma, kuma an daɗe ana ɗaukarsu jinsi ɗaya kafin a raba su.

Akwai wani rikicin suna da ya kamata a warware. Masu fassara daga Larabci sukan kira dabbar nan ta Hijaz mai suna dabb da damo. Dabb wani ƙadangare ne daban, mai gajeriyar wutsiya mai ƙaya, ganye ne abincinsa, kuma danginsa na nan a duwatsun Azbin da ke arewacin Nijar. Damon ƙasar Hausa maci nama ne, ɗan'uwan waral. Hukuncin cinsa aikin malamai ne, amma ya kyautu a san dabbar da ake yi wa hukuncin.

Harshensu mai baki biyu ne kamar na maciji, da shi suke ɗebo ƙamshi daga iska su kai wata ma'ajiya da ke cikin ganɗa, har su bi sawun ƙwai da ke binne cikin yashi. Ba su da dafin da ke kisa, sai dai cizonsu na da ƙarfi kuma yakan ruɓe idan ba a wanke shi ba. Ba kamar tsaka da kulɓa ba, ba su yar da wutsiya don tsira. Bulala suke yi da ita.

Haƙurin damo

Bahaushe ya yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma binciken kimiyya bai ƙaryata shi ba. Wani masani ɗan Senegal, Mamadou Cissé, ya bi rayuwar damo da guza a shekarun 1970, ya nuna cewa shekararsu kashi biyu ce. Da damina suna ci babu ƙaƙƙautawa. Idan rani ya kama, damo ya shige rami ya daina ci kusan gaba ɗaya har tsawon wata shida.

Sirrin yana cikin yadda jikinsa ke kashe abinci. Akuya ko ɗan'adam suna ƙona mafi yawan abin da suka ci ne don riƙe ɗumin jiki. Damo daga rana yake karɓar ɗuminsa kyauta, saboda haka idan ya kwanta a rami mai sanyi, bugun zuciyarsa da numfashinsa su ragu, abin da yake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Kitsen da ya tara da damina, a cikin ciki da gindin wutsiya, shi ne rumbunsa. Ruwa ma ba ya ɓarnar sa, domin maimakon fitsari, wani farin abu mai kauri yake fitarwa.

Sai dai kada wannan zama ya sa a ɗauke shi rago. Zuciyar dangin Varanus ta fi ta sauran ƙadangaru iya raba jinin da ke zuwa huhu da wanda ke zagaya jiki, kuma suna amfani da maƙogwaro wajen tura iska cikin huhu lokacin da suke gudu, abin da ya sa ba su saurin sarewa irin na kiski. A ƙarshen 2013 masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka wallafa cewa iska na zagaya wasu sassan huhun damo ta hanya ɗaya, kamar yadda take yi a huhun tsuntsu. Dabbar da yara ke jifa da dutse a bayan gari ita ce ta sa aka sake duba tarihin yadda huhu ya samo asali.

Abincin damo ƙwari ne. Binciken da Daniel Bennett ya yi a Ghana ya nuna ƙananansu sun dogara da manyan gyare da suke tonowa daga rami, manyan kuma suna cin ƙadandoniya, kunama, buzuzu, fara da dodon koɗi. Akan ga damo yana goga haɓarsa a jikin ƙadandoniya na ɗan lokaci kafin ya haɗiye ta, har sai ta zubar da ruwan nan mai wari da take kāre kanta da shi. Manomin da ya kashe damo a gonarsa ya rage wa kansa ɗan ƙodago ne da ba ya karɓar lada.

Guza ba ya zaɓe. Kwaɗo, ƙaguwa, kifi, ɓera, tsuntsu, mushe, duk nasa ne, kuma ya yi suna wajen tone ƙwan kada. Haƙoransa ma suna sauyawa da shekaru: masu tsini ne yana ƙarami, idan ya girma na baya su dakushe su yi faɗi, su dace da fasa ƙaguwa da katantanwa. Wannan rashin zaɓe ne ke haɗa shi faɗa da mutane. Yana shiga gura ya cinye kifin da ta kama, yana haɗiye ƙugiyar mamari, yana shiga akurki. Masuncin da ya tarar da shi a tarko ba ya tunanin wata doka ta 1985, kuma da wuya a ga laifinsa.

Ƙwai, suri da ambaliya biyu

Macen guza na iya saka ƙwai har 60 a zubi ɗaya, adadin da ba a cika samun irinsa a danginsu ba. A 1930 Raymond Cowles ya bayyana abin da ya gani a Natal ta Afirka ta Kudu: macen kan fasa surin da gara ke ciki bayan ruwa ya tausasa shi, ta zuba ƙwanta ta tafi. Gara ta toshe ɓarakar, ta rufe ƙwan a ɗaki mai ɗumi da laima da ba su cika sauyawa ba, har tsawon watanni masu yawa. Idan 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sai su tono hanyarsu su fito. Inda babu suri, rami take haƙawa a gaɓar kogi. Damo ma bayan damina yake saka nasa, su kwana cikin ƙasa wata biyar zuwa shida, su fito dab da saukar ruwa, lokacin da ƙwari suka yawaita.

Wato ƙwan yana shafe rani ne a binne a wuri ɗaya, babu mai gadi. Nan ne yanayin Dole Kaina ya shigo. Kogin Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman yankin ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun da damina a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali, ya tace, sannan ya iso nan cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ana tsakiyar ɗari ba ko ɗigon ruwa a sama. Wannan cika ta biyu ce ke riƙe tabkuna da ciyawar burgu da kwaɗi har cikin bazara, kuma ita ta sa guzan bakin Kwara ke samun abinci lokacin da damon tudu ya riga ya shiga azuminsa. Ita ce kuma ke shata inda ƙwai zai tsira: ramin da ke ƙasa da iyakar baƙin ruwa, ruwa zai ci shi. Abin da ya rage shi ne ɗan zirin tudun da ke bakin fadama, inda suri da kurmi da giginya suke.

Wannan ziri ne noma ke ci. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, noman rani na shinkafa ya bunƙasa a fadamun jihar, rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kuma ya ƙara wa shinkafar gida daraja. Babu mai hankalin da zai ce a hana mutanen Dandi da Bagudo noma saboda ƙadangare. Amma sabuwar gona na nufin a rushe suri, a sare kurmi, a ƙona ciyawa, a kafa injin ban-ruwa a bakin tabki, kuma duk ana yin haka ne da rani, daidai lokacin da ƙwan ke ƙasa kuma damo ke kwance a rami. Mafarauci ɗaya-ɗaya yake kashewa. Rushe suri ɗaya na iya tafiya da zubin shekara sukutum.

Sai maganin feshi. Guza na cin abin da ya ci abin da ya sha ruwan gona, yana zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, yana kuma tara kitse, inda wasu nau'o'in guba ke taruwa. Saboda haka ne masu bincike na Faransa suka yi amfani da shi a Mali da Nijar a matsayin ma'aunin gurɓatar fadama, suna auna gubar ƙwari da dalma a jikinsa. Abin da ya taru a jikin guza daga ruwan da ake kama kifin kasuwa ya fito.

Fata da 'ya'ya

Amfani da fatar guza tsohon abu ne. Da ita ake rufe ƙoƙon goge da kukuma, dukawa na ɗinka jaka da takalmi da ita, masu maganin gargajiya na neman kitsen. Wannan buƙata ta gida ba ta kama ƙafar ta ƙetare ba. A ƙarshen ƙarni na 20 ana fitar da fatun guza dubu ɗaruruwa a wasu shekaru daga ƙasashen Sahel, musamman Chadi, Mali, Kamaru da Sudan, zuwa majemun Turai, inda suke zama madaurin agogo da jakar mata.

Wannan ciniki ya bar alama a jikin dabbar. Vivian de Buffrénil, masani a gidan adana tarihin halittu na Paris, ya yi shekaru yana nazarin guzan da ake kamawa a Mali da yankin Tafkin Chadi. Da yake girman guza na tsayawa kowane rani, ƙashinsa na yin zobe-zobe irin na kututturen itace, ana ƙirga su a san shekarunsa. Ya gano cewa inda farauta ta fi tsanani, guza ba ya daɗewa a duniya, yana kuma fara haihuwa da wuri. Ma'ana jinsin yana jure matsi ta hanyar gaggauta rayuwarsa. Shi ya sa mutanen gari za su ci gaba da ganin guza, su ɗauka komai lafiya, alhali manyan sun ƙare.

Damo kuma da ransa ake son sa. A Amurka da Turai ana ajiye shi a gida cikin akwatin gilashi, kamar yadda ake kiwon aku. Tsakanin 2000 da 2009, Amurka kaɗai ta riƙa shigo da kusan 30,000 a kowace shekara, akasari daga Ghana, Togo da Benin. Takardu kan ce kiwo aka yi, amma yadda ake yi shi ne a kamo mata masu ciki ko a tono ƙwai daga daji a ƙyanƙyashe, ko a kwaso 'ya'yan da suka fito farkon damina. Yawancinsu ba su yin nisa, domin masu saye na ɗura masu ɓeraye shekara zagaye, dabbar da jikinta ya saba da ƙwari da azumin wata shida, sai ƙiba ta kashe ta.

Guza ma an kai shi, sai dai bai yi haƙurin damo ba. Da ya girma ya fara cizo da bulala, masu shi suka riƙa sakinsa. Tun wajen 1990 ya kafa zuriya a garin Cape Coral na Jihar Florida, mai magudanun ruwa na ɗaruruwan kilomita, yana cin ƙwan tsuntsayen can, har a 2021 hukumar namun dajin jihar ta sa shi a jerin dabbobin da aka hana mallaka. Wani bincike kan ƙwayoyin gado da Stephanie Dowell ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa daga Afirka ta Yamma kakannin guzan Florida suka fito. Aikin nata ya kuma nuna cewa guzan yammacin Afirka ya rabu da sauran tun shekaru miliyan bakwai da wani abu, har wasu masana na ganin jinsi ne mai zaman kansa, suna kiransa Varanus stellatus. Wannan ya wuce gardamar suna. Ƙungiyar IUCN mai tantance halin da namun daji ke ciki ta sa guza da damo a rukunin waɗanda ba su cikin barazana, amma hukunci ne da aka yanke kan nahiya guda. Idan na yamma daban ne, yawan guza a Zambiya ko Afirka ta Kudu ba ya cike gurbin wanda aka rasa a Kebbi.

Doka uku, kogi ɗaya

Tun 1975 dukkan dangin Varanus ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Guza da damo na rukuni na biyu, wanda aka yarda a yi cinikinsa idan ƙasar da ke fitarwa ta ba da izini kuma ta gamsu cewa cinikin ba zai cutar da jinsin ba. Najeriya, Nijar da Benin duk sun shiga yarjejeniyar. Najeriya ta zarce haka: Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985 ta sa su a jadawalin farko, tare da kada da mesa, inda haramcin ya zama na baki ɗaya. Tarar farko Naira 1,000 ce, kuma haka ta zauna sama da shekara 30 kafin gyaran 2016 ya ɗaga ta zuwa miliyoyi. Tsananin takarda bai hana CITES dakatar da Najeriya daga cinikin ba a 2005, saboda raunin aiwatarwa, sai a 2011 aka ɗage takunkumin bayan an kafa hukumar NESREA a 2007.

Duk inda kaya ya zama haram a gaɓa ɗaya, halal a ɗaya gaɓar, mutanen iyaka sun san abin da ke biyo baya, sun gan shi a shinkafa, sun gan shi a fetur. Ɗan damo bai wuce tafin hannu ba, kuma babu abin da ke jikinsa da zai nuna ko a Illo aka tono shi ko a Madekali. Haramcin baki ɗaya yana da wata illar kuma: abin da aka haramta ba a ba shi lasisi, abin da ba shi da lasisi ba ya shiga rajista. Mai goge da baduku da mai magani suna ci gaba da sana'arsu a fili, suna masu laifi a idon dokar da akasarinsu ba su taɓa jin labarinta ba, jami'in da ke bakin iyaka kuma buhun shinkafa aka horar da shi ya nema.

Ta fuskar mazauni ma layin a Dole ya yanke. A 2001 Nijar ta sa fadamun gaɓar hagu ta kogin a Jihar Dosso, har zuwa iyakar Najeriya, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Benin na da gandun dajin W a nata ɓangaren, can sama da Malanville. A ɓangaren Najeriya, wuri mafi kusa da ke cikin wannan jeri shi ne tsibiran Foge da ke Tafkin Kainji, nesa can ƙasa, waɗanda aka sa a 2008. Fadamar da ke tsakani, daga Dole Kaina zuwa mahaɗar Kwara da Gulbin Kebbi, ruwa ɗaya ne da ciyawa ɗaya da ta Gaya, amma ba ta cikin jerin.

Shi kansa ruwan ba a Kebbi ake yanke hukuncinsa ba. Nijar ta fara gina madatsar Kandaji a Jihar Tillaberi, sama da Yamai, don wutar lantarki da ban-ruwa, kuma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne daidaita gudun kogin: a riƙe ruwa lokacin cika, a sake shi lokacin rani. Ruwan da za a riƙe ɗin shi ne baƙin ruwan da ke isowa Dole Kaina da hunturu. Najeriya na da kujera a Hukumar Kula da Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda hedikwatarta ke Yamai, kuma damuwar da ta fi bayyanawa kan madatsun sama ita ce ta ruwan da injinan Kainji da Jebba za su samu.